Tambaya da Amsa: Tukunya ɗaya a gidajen Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a Indiya ɗa namiji ba ya barin gidan mahaifinsa ko ya yi aure. Yaya ake tafiyar da irin wannan gida, kuma me ke raba shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Haka yake a gidaje da dama, sai dai a birane irin su Mumbai ƙarancin ɗaki da neman aiki sun sa ma'aurata da yawa suna zaman kansu.

Murhu ake dubawa. Muddin kakanni da 'ya'ya maza da matansu da jikoki suna ci daga tukunya ɗaya, gida ɗaya ne. Dattijon da ke riƙe da dukiyar dangi, dokar mabiya Hindu na kiransa karta. Makullan ɗakin ajiya kuwa galibi suna hannun uwar miji, ita ke cewa ga yawan garin alkamar da za a kwaɓa yau. Matar ɗa, wato bahu, ita ke riga kowa tashi, ta ɗora shayi, ta murza capati, wato gurasar alkama, ɗaya bayan ɗaya tana kai wa masu ci da zafinsa, sau da yawa ita ce ta ƙarshen zama. A ganinmu ita ke ɗauke da nauyin gidan, kuma ba a cika yaba mata ba.

Girma yana cikin suna: a harshen Hindi ana kiran wan uba tau, ƙanen uba kuwa chacha. Yaro kan sunkuya ya taɓa ƙafar babba, shi kuma ya dafa kansa ya sa masa albarka.

Rabuwa ba ta zuwa rana ɗaya. Idan samun 'yan'uwa ya bambanta, mai zuba kuɗi da yawa ya fara ƙorafi, sai a raba murhu ana nan ƙarƙashin rufi ɗaya. Daga nan kowa ya riƙe aljihunsa, ƙarshe a raba gona da gida. A nan ake yawan kuskure, a manta da 'ya'ya mata, alhali gyaran dokar gadon Hindu na 2005 ya ba su kaso daidai da maza a dukiyar kakanni.

Kayan da dangin ango ke nema daga iyayen amarya ma kan hura wuta, duk da an haramta su tun 1961. Iyayen da 'ya'ya suka yi watsi da su kuwa, wata doka ta 2007 ta ba su damar kai ƙara a tilasta biyansu kuɗin ciyarwa kowane wata.