Abin da masu ɗanɗanon jar giyar inabi suke nema

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙwararru suke jujjuya jar giyar inabi a kofi kafin su kurɓa. Jujjuyawar tana haɗa ta da iska har ƙamshinta ya tashi, kuma hanci ne yake yin mafi yawan aikin, domin abin da harshe yake rarrabewa kaɗan ne. Daga launi suke kimanta shekarunta: sabuwa tana ɗaukar shunayya, tsohuwa kuwa tana komawa jan bulo. A ganina bauri ya fi wuyar auna, wanda yake fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, kuma shi ne yake ba ta damar daɗewa a kwalba tana laushi. Galibi a zafin digiri 16 zuwa 18 ake ɗanɗana ta, sannan a tofar.