Jarin kawuna ne, kamfanin zai fito da sunana: me dokar Gana ta ce?

Tambaya: Ni ɗan ƙasar Gana ne mazaunin Nima, ina sayar da albasa a kasuwar Adjen Kotoku. Kawuna da ke Tawa a Nijar shi ne ke da kusan duka jarin, kuma yana so mu yi wa sana'ar rajistar kamfani, amma da sunana kaɗai, sunansa kada ya fito a takarda. Shin hakan ya halatta?

Amsa: Malam, yadda kawunka ya tsara abin ba zai yiwu ba a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1963. Daga cikin manyan sauye-sauyen da ta kawo akwai wajabta wa kowane kamfani ya bayyana wa ofishin magatakardan kamfanoni ainihin mutumin da ke cin moriyarsa, ko da sunan wani ne ke kan takardar hannun jari. Dokar ta ɗauki mutum a matsayin mai cin moriya idan shi ke juya kamfanin, ko yana da babban rabo a dukiyarsa da ribarsa, ko kuma a madadinsa ake gudanar da cinikin. Mutumin da ya zuba kusan duka jarin, yake kuma karɓar ribar, ya shiga wannan ma'ana kai tsaye. Idan ka cike takardar ka ɓoye shi, bayanin ƙarya ka bayar, kuma hukuncin a kanka zai fara sauka tun da hannunka ne a kanta.

Akwai doka ta biyu, wadda nake kyautata zaton ita kawun naka ke gudu. Dokar cibiyar bunƙasa zuba jari ta GIPC, mai lamba 865 ta 2013, ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa, da talla, da ciniki a rumfa. Ta kuma gindaya wa baƙo mafi ƙarancin jari: dala 200,000 idan ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa mai aƙalla kashi 10 cikin ɗari, dala 500,000 idan kamfanin nasa ne shi kaɗai, sannan dala miliyan 1 tare da ɗaukar ƙwararrun 'yan Gana 20 aiki idan harkar saye da sayarwa ce. Zaman Nijar a yanki ɗaya da Gana a Afirka ta Yamma bai cire ɗan ƙasarta daga wannan sharaɗi ba, kuma a kan wannan doka ce ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta GUTA ta daɗe tana takun saƙa da 'yan kasuwar Najeriya a Suame da ke Kumasi da kuma Circle a nan Akra. A 2025 gwamnati ta bayyana aniyarta ta sake fasalin sharaɗin jarin, saboda haka ka sa lauya ya duba maka matsayinsa a ranar da za ka shigar da takardu.

A ganina haɗarin da ya fi girma ma yana cikin gida. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, kuma wanda sunansa ke rajistar masu hannun jari shi kotu za ta fara ɗauka mai shi. Ranar da ta Allah ta kasance a kanka, hannun jarin zai shiga cikin abin da magadanka za su raba, kawunka kuwa sai ya kawo hujja, hujjar da ba zai iya kawowa ba sai ya tona cewa an ɓoye shi tun farko. Idan kuma shi ne ya rigaye ka, 'ya'yansa za su zo neman dukiyar da kai kaɗai ka san adadinta. Kai ne kuma darakta, kai hukumar haraji ta GRA za ta nema.

Mafita mafi tsabta ita ce ku raba sana'ar gida biyu: kawunka ya zama mai kawo albasa daga Nijar, kamfaninka ya saya daga hannunsa bisa rubutacciyar yarjejeniya mai fayyace farashi da lokacin biya. Idan kuɗi zai ba ka, a rubuta shi bashi, da adadinsa da wa'adinsa, a biya harajin hatimi a kan takardar domin kotu ta karɓe ta shaida. Sharaɗin dai shi ne abin da aka rubuta ya zama shi ake yi a zahiri, domin idan har yanzu shi ke yanke shawara yana kwashe riba, sunan bashi ba zai fitar da shi daga masu cin moriya ba. Ka kuma tanadi daraktoci biyu, ɗaya aƙalla mazaunin Gana, da sakataren kamfani mai cancantar da doka ta shimfiɗa, da mai binciken kuɗi, sannan ka riƙa shigar da rahoton shekara a kan lokaci.