Fatawa: Birai sun addabi gonata, ko in sayi sabuwar bindiga?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Dutsin-Ma. Ina noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, da damina kuma ina shuka masara da gyaɗa a gindin dutse. Bana birai sun hana ni sakat. Tun kafin rana ta fito sun sauko, su karya masara, su gatsa, su yar. Kurege ya tone gyaɗa, dila kuma ya kwashe mini kaji bakwai cikin wata guda. Ina da tsohuwar harba-ka-ruga ta gado, amma bututunta ya soma tsagewa. A majalisarmu akwai masu bindiga, kowa da tasa shawarar. Wani ya ce in sayi mai baki biyu, wani ya ce in nemi fam-akshin, wato bindigar da ake ja da hannu ta ɗura sabon harsashi, ta bayan fage tunda a zamanin nan kowa ya tanadi tasa, wani kuma ya ce in huta da wahala in zuba musu guba. Shin ya halatta in kashe waɗannan dabbobi? Abin da na harba zan iya ci? Wace bindiga ta dace in saya?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Wanda bai taɓa shiga gona da sassafe ya tarar da guminsa na wata uku a warwatse a ƙasa ba, ba zai gane zafin da ke cikin wasiƙarka ba.

Kashe dabbar da ke ɓarna ya halatta. Asalin hukuncin hadisin nan ne na Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci dabbobi biyar da ake kashewa ko da a cikin Harami ne: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Abin da ya tara su shi ne cutarwa. Imam Malik a Muwaɗɗa ya faɗaɗa ma'anar kare mai cizo ta haɗa da duk naman dajin da ke far wa mutane, kamar zaki da damisa. Gaskiya ne ya cire kura da yanyawa daga ciki, amma maganarsa a kan mai harama da Hajji ko Umra take. Kai ba ka cikin harami, kana gonarka ne kana kare abincin iyalinka, kuma kare dukiya na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Don haka dilan da ya koyi hanyar akurkinka, da birin da ya mayar da gonarka wurin kalaci, jininsu bai da wata alfarmar da ta fi ta hatsinka.

Sai dai halaccin nan yana da linzami. Malamai sun ce mai kawo farmaki ana tunkuɗe shi da abu mafi sauƙi, in bai yi ba sannan a matsa gaba. Riƙon kare don gadin gona ya halatta da nassin hadisi, kuma biri yana shakkar kare. Akwai shingen ƙaya, akwai rumfar gadi da iyayenmu ke kafawa a tsakiyar gona, yaro ya hau da gwangwani da majajjawa. Batun kaji kuwa, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari: akurkin da aka toshe bakinsa da tsohon faranti ba zai hana dila ba, ko da ka kashe goma wani zai zo. Idan ka yi waɗannan duka abin ya faskara, to harbi.

In za ka harba, harbi wanda ya yi ɓarnar. Ya zo a hadisi cewa tururuwa ta ciji wani Annabi daga cikin Annabawa, ya sa aka ƙone gidansu gaba ɗaya, sai Allah ya yi masa wahayi yana tuhumarsa, don me bai tsaya ga guda ɗaya ba. Wannan shi ne ma'aunin. Ba a bin garken birai har kan dutse a yi musu kisan kiyashi don huce haushi. Ba a barin dabba da rauni tana jan ƙafa kwana da kwanaki, domin hadisin Shaddad bin Aus a Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har da kisa. Wanda ya kama biri a tarko ya ɗaure shi a bakin gari yara na jifa har ya mutu, ya tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Shawarar guba kuwa, ka mayar wa mai ita. Guba ba ta tantance mai laifi. Ka zuba wa dila, karen maƙwabci ya ci, angulu ta sauka a kan mushen ita ma ta tafi, wani yaro ya tsinci zabon daji yana magagi ya kai gida a dafa. Dubi mahautan garuruwanmu yau, ka tuna yadda angulaye ke cika su shekaru talatin baya. Haka nan cinna wa daji wuta don a fito da gafiya: Manzon Allah (SAW) ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta, ga kuma harawar mutane da ke tafiya a banza.

Batun ci, a nan akwai tsohuwar muhawara mai daɗi. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya nuna cewa abin da makami ya huda ana ci, wanda kuma ya buge da faɗinsa ya mutu mushe ne. Shi ya sa tsuntsun da aka harba da danƙo ko majajjawa ba a cinsa sai an riske shi da rai an yanka. Da bindiga ta bayyana, malaman farko ba su bar nassi a kanta ba, domin ba su san ta ba. Na baya suka rabu. Wasu suka kwatanta harsashi da dunƙulen yumɓu da ake harbawa, suka hana. Wasu kuma, cikinsu har da Ibn Gazi da Shehu Abdulƙadir al-Fasi na Maroko, suka ce dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana gaggauta mutuwa, wanda shi ne hikimar yanka tun asali. Dasuƙi, ɗaya daga malaman Malikiyya, ya kawo wannan saɓani a littafinsa, kuma fatawar halacci ita ce aka tafi a kai. Sharaɗin shi ne ka yi niyyar farauta, ka yi bisimilla lokacin da za ka danna kunamar bindiga, kuma idan ka same shi da sauran rai ba a huda masa makasa ba, ka sa wuƙa. Wanda ya ɓace maka har ya kwana, mashahurin zance a mazhabarmu a bar shi. Zomo, zabon daji, fakara da gada duk halal ne. Dila da ire-irensa masu farauta da haƙori makaruhi ne a mashahurin zancen Malikiyya, wasu mazhabobin ma sun haramta. Biri kuwa Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya kawo zance biyu a kansa, karhanci da hani, ni dai ina ce maka ka haƙa rami ka binne. Gyado hukuncin alade gare shi.

Yanzu sai maganar bindiga, kuma a nan nake so ka nutsu, domin halaccin kashe biri bai zama halaccin kowace bindiga ba.

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda izininsu sai daga Shugaban Ƙasa. Akwai na ɗaiɗaikun mutane, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai masu ɗuri ta baki, irin taka ta gado, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Fam-akshin da abokinka ke yi maka talla dokar ta cire ta daga aji na biyu, saboda tana da na'urar sake ɗura harsashi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka sani da shaye-shaye. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da cewa ta dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a, don haka kafin ka sayar da ko akuya ɗaya, ka je hedikwatarsu a nan Katsina ka ji matsayin da ake ciki yau.

Wani zai ce ai dokar Bature ce, ina ruwan addini. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal a asalinsa idan akwai maslahar jama'a, kuma yi masa ɗa'a a wannan ya shiga ƙarƙashin aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Mu Malikiyya mun fi kowa riƙo da toshe ƙofar ɓarna, har malamanmu suka hana sayar da makami a lokacin fitina. To wace fitina ake jira bayan wadda Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara suka gani? Hanyar da bindigar bayan fage za ta bi ta iso hannunka, ita ce hanyar da wasu bindigogin ke bi su isa hannun 'yan bindiga a dajin Rugu. Kuɗinka na raya wannan kasuwa ko da niyyarka fara ce tas. Saye ta wannan hanya bai halatta ba.

Na fahimci abin da abokinka ke nufi da "kowa ya tanadi tasa". Ba biri yake nufi ba. Tsaron rai daga 'yan bindiga tambaya ce mai zaman kanta, kuma kare kai haƙƙi ne a shari'a, amma yana da ƙofarsa: mai gari, hakimi, jami'an tsaro, da rundunar sa ido ta al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. Kada ka fake da kurege ka shigo da makamin yaƙi ɗakin matarka. Ka kuma tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano yin salla bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa aka yi musu, amma ya nuna maka irin idon da ake kallon mai bindiga da shi a ƙasar nan yanzu.

Tsohuwar bindigar taka ka jingine ta daga yau. Bututun da ya soma tsagewa, rana ɗaya za ka ƙara albarushi kaɗan ya tarwatse a hannunka. Na taɓa zama da wani dattijon maharbi da ke riƙe carbi da yatsu uku a hannun hagu, na tambaye shi, ya yi dariya ya ce bindigar ce ta karɓi zakkarta. Jefa kai cikin halaka haramun ne ko da kayan gado ne.

Idan hukuma ta ba ka izini, to mai baki ɗaya ko mai baki biyu ta ishe ka har ta yi yawa. Tana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma ne waɗanda ƙarfinsu ke karyewa bayan 'yan gomomin mitoci, alhali harsashin raifal, ko ƙaramin ne, yana iya wuce kilomita guda. Gonakinmu kuwa a manne suke da juna, bayan kowace kunya akwai mai yankan ciyawa ko mace mai itace. Sau da yawa ma ƙarar harbi ɗaya da ƙura ta isa ta kori garke na kwanaki.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne harbin motsi. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum, kuma a cikin dogon karan dawa, da almuru, maganar ta tashi daga karin magana ta koma zahiri. An taɓa kawo mini wani mutum jikinsa na ɓari. Ya kwana uku yana dakon abin da ke cinye masa wake, ya ga ganye na kaɗawa, ya saki wuta. Da ya haska tocila sai ga maraƙin wani makiyayi yana shure-shure, yaron da ke kiwon kuma yana tsugune bai fi taku goma daga wurin ba. Maraƙin ya biya, bayan zama uku a zauren mai gari. Da yaron ne fa? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yanke: diyya, wadda sunna ta ƙayyade da raƙuma ɗari ko dinari dubu na zinariya, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Wannan a shari'a ke nan. Abin da zai biyo baya tsakanin ƙauye da ruga kuwa, kai da ke zaune a can ka fi ni sani.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: dabbar gida ba ta shiga fatawar nan. Saniya, akuya, jaki ko raƙumin da ya faɗa maka gona ba a harbinsa, ba a sararsa. Lokacin da taguwar Bara'u bin Azib ta shiga wata gona ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Yana cikin Muwaɗɗa, kuma haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Ka kama dabbar, ka kira shaidu su ga ɓarnar da idonsu, ka kai wa mai gari ko alƙali a ƙiyasta a biya ka. In ka kashe ta, kai ka koma mai biya.

A gida kuma, bindiga a rataye take ba ɗuri, harsashi a wani wuri daban a kulle, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba a ba da aronta. Ba a shiga da ita kasuwa ko gidan biki a ɗure, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya dafe tsininsu, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Ranar da kuka yi cacar baki da maƙwabcin gona a kan iyaka, ranar ka bar ta a gida ka tafi da fartanyarka kawai.

Wallahu a'alam.