Amsa ga ɗan'uwan da aka rubuta wa Sirdalud saboda ƙagewar baya

Wa'alaikumus salam Malam, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga tambayarka cewa bayanka ya ƙage bayan ka ɗaga buhu, likita ya rubuta maka Sirdalud, wato tizanidin, amma barci da jiri sun dame ka, ga shi kullum a babur kake zuwa aiki daga Samaru zuwa Tudun Wada a Zariya. Kana son sanin ko ka haɗa da tiramadol, da kuma tsawon lokacin da ake shan sa. Ni ba likita ba ne, tela ne. Zaman keke ya daɗe da ba ni irin wannan ciwo, kuma ni ke kai Babanmu asibiti, don haka na sha zama gaban likitoci da masu ba da magani ina tambaya.

Wannan magani ba a tsokar bayan yake aiki ba. A laka da ƙwaƙwalwa yake aiki, yana rage saƙon da ke sa tsoka ta ɗaure. Shi ya sa barci da kasala da bushewar baki ke biyo shi. Ƙarfinsa yakan kai maƙura awa 1 zuwa 2 bayan an sha, sannan ya ja baya cikin 'yan awoyi. Don Allah kada ka hau babur a wannan tsakani. Wanda idonsa ke rufewa ba shi da abin yi a Kwangila tsakanin tireloli. Koma wurin likitan ka gaya masa yanayin aikinka; sau da yawa sukan rage na rana ko su mayar da shi dare kaɗai. Ni haka aka yi mini.

Yana kuma saukar da jini. Idan za ka tashi sallar asuba, fara zama a bakin gado tukuna, haka ma ɗagowa daga sujada, a hankali. In kana shan maganin hawan jini, dole likita ya sani.

Batun tiramadol, a'a. Shi ma ƙwaƙwalwa yake dannewa, idan suka haɗu sai barci ya yi nauyi, numfashi ya ragu, wani ba ya farkawa. Haka kodin, da Valium, da giya. Ko Piriton da muke raina wa, na mura, yana ƙara barcin.

Amma abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne sifro, maganin da kowa ke saya a kemis da zarar an ce taifot, irin su Ciprotab. Ba a haɗa shi da tizanidin sam. Hanta ce ke narkar da tizanidin ta fitar da shi, shi kuwa sifro yana toshe wannan aiki, sai maganin ya taru a jini har kusan ninki 10. Ƙwaya ɗaya ka sha, jiki ya karɓa kamar ka watsa sache guda. Na gani da idona a layinmu: wani abokin sana'a yana kan tizanidin, zazzaɓi ya kama shi, aka ba shi sifro ba tare da an tambayi abin da yake sha ba. Miƙewa ya yi zai ɗauko yadi, sai ga shi a ƙasa. Da aka auna shi jininsa ya faɗi ƙwarai. Allah ya kiyaye, ya tashi. Duk wanda zai ba ka wani magani a kwanakin nan, nuna masa kwalin wannan kafin ya miƙo maka komai.

Tsawon lokaci kuwa, ga ƙagewa irin taka gajere ne, yawanci ba a wuce mako 2 zuwa 3, wasu ma kwanaki kaɗan sun ishe su. Wanda ya daɗe a kai ba ya yankewa rana ɗaya, jini na iya hawa zuciya ta riƙa bugu. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Idan idonka ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu da tashin zuciya, tsaya ka je a duba hanta.

Kada kuma ka ba wani ragowar, musamman tsofaffi. Babanmu an hana shi Norflex, wani maganin sassauta tsoka, saboda yana riƙe fitsari ga dattijon da dama fitsarin ke yi wa wuya, kuma ba a ba mai hawan jinin ido. Tsoho in jiri ya kayar da shi, karaya ce. Wasu daga cikin magungunan nan an haɗa su da farasitamol a ƙwaya ɗaya, karanta kwali kafin ka ƙara Panadol.

Abin da ya fi yi mini amfani a kan dogon lokaci shi ne tawul mai ɗumi, da ɗan tattaki a tsakar gida maimakon kwanciya wuni guda, da motsa jikin da aka koya mini a sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa da ke Shika. Maganin yana sassauta bayan ne don ka samu damar motsawa.

Idan ƙafa ta fara mutuwa ko ta rasa ƙarfi, ko ka kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. Haka idan wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo. Ranar da za ka koma, zuba duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya, ka ajiye su gaban likita. Allah ya ba ka lafiya.