Filin Tambaya da Amsa: Ra'o'in nazarin adabi sun hana ni sakat a aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karantar da adabin Hausa a wata kwaleji nan Sakkwato, to an saka muna ra'o'in tarke, wato hanyoyin nazarin adabi, cikin manhaja, su Markisanci (ra'in Karl Markis mai duba tsakanin masu hali da talakawa) da matantaka (mai duba matsayin mata) da sauransu, kuma wallahi yaran nan hadda kawai suka yi, in jarabawa ta zo su juye min handawut ɗina kaf amma ka ba su gajeren labari ka ce su yi aiki da ra'in sai ido. Har wani ɗalibi ya ce min shi Markis ai bai yarda da Allah ba, don mi za mu karanta shi? Mi kaka gani?
Daga wata malama, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah shi ƙara basira. Ni a ganina matsalar daga inda ake farawa take. Mu malamai sai mu shiga aji mu cika allo da ma'anar ra'i da sunayen Turawa, yaro bai ko taɓa labarin ba tukuna. Ki juya abin, labari farko, suna daga baya.

Ɗauki tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ba wanda bai san ta ba. An kori 'yar bora zuwa rafi, ta gamu da tsohuwa ta cuɗa mata baya da ladabi, ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da kutare da makafi. Ki sa ɗaya ya ba da ita da baki, su yi jigo da zubi da tsari da salo yadda suka saba, don wannan shi ne tushe kada a raina shi. Sannan ki fara jefa tambayoyi. Wa ke aikin gidan nan, wa ke cin mai kyau? Me ya sa ladan ladabi ya zama shanu da dawaki? To sun shiga Markisanci ke nan ba su sani ba. Ki sake tambaya, ina uban yarinyar yake duk wahalar nan, me ya sa laifin ya tsaya kan mata biyu, shi maigida da ya fifita ɗaya ba a ce masa uffan ba? Wannan matantaka ce. Wadda ni ta fi ci min rai ma, don me kutare da makafi suka zama horo, me tatsuniyar ke koya wa yara game da naƙasassu? Nan za ki ga aji ya kaure da gardama, ki bar su su yi, sharaɗi ɗaya dai, duk wanda ya yi magana ya nuna wurin cikin labarin.

In an zo ra'in tsari, mai duba yadda aka gina labari, ki faɗa masu wani Barashe, Vladimir Propp, a 1928 ya bi tatsuniyoyin Rasha ya fitar da matakai 31 da suke maimaituwa, sai ki ce su gwada a tamu su ga wanne ya hau wanne ya ƙi. Inda ya ƙi ɗin ma maki ne.

Maganar ɗalibinki kuwa kada ki gwasale shi, gaskiya ya faɗa, Karl Markis da ya rasu a 1883 ba mai addini ba ne. Amma ba aƙidarsa muke ɗauka ba, tambayarsa muke ara, kamar yadda za ki ari lauje wurin maƙwabci ba sai kin bi shi salla ba. Kuma tambayar wa ke zaluntar talaka ba baƙuwa ba ce a garin nan, Shehu Usmanu ya yi ta sukar sarakunan Hausa kan jangali da haraji da ƙwace tun kafin a haifi Markis a 1818.

Sai dai a yi hattara da cusa ra'i dole. Na sha ganin furojet an kama Nana Asma'u an laƙaba mata matantaka irin ta Turai don kawai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka karantar da mata, alhali ita hujjarta daga addini ta ɗauko ta. A jarabawa kuma ki daina cewa "kawo ma'anar ra'i kaza", ki ba su baiti biyar ko tatsuniyar da ba a yi a aji ba, kowa ya zaɓi ra'in da zai yi aiki da shi ya faɗi dalili.