Shawarar Lauya: Wata huɗu ina jiran bizar zuwa wurin mijina a Ingila

Tambaya: Barista, an ɗaura mana aure a Kaduna bara. Maigidana ɗan ƙasar Birtaniya ne, yana aiki a Mancesta. Na nemi bizar matar aure, na dangwala yatsu wata huɗu ke nan, har yau shiru. Ya taɓa aure, amma sun rabu. An ce in nemi bizar ziyara in tafi kawai. Mene ne mafita?

Amsa: Malama, shiru ba ƙi ba ne. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya kan yanke hukunci a kan irin wannan biza cikin mako 12 daga ranar dangwala yatsu, kuma naki ya wuce haka. Don haka maigidanki ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa, ya haɗa da lambar takardarki da ranar da kika je cibiyar biza. 'Yan majalisa suna da hanyarsu ta tambayar ma'aikatar. Ke kuma ki riƙa duba imel ɗinki, har akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, domin idan suka nemi ƙarin takarda, wa'adin da suke bayarwa gajere ne.

Bizar ziyara kam ki bar ta. Doka ba ta yarda mai ziyara ta juya bizarta zuwa ta aure daga cikin ƙasar ba, kuma da wuya jami'i ya yarda za ki dawo alhali kin nemi zama dindindin. Kada kuma ki janye takardarki, kuɗin nema, kusan fam 2,000, ba zai dawo ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne auren farko. Yaya aka rabu, kuma a ina? Sakin da aka furta a cikin Birtaniya ba saki ba ne a idon dokarsu sai kotu ta raba auren, bisa dokar iyali ta 1986. Idan yana Mancesta ya rubuta takardar saki ya aika, ko ya furta ta waya, a Musulunci ya saku, amma a wurinsu yana nan da matarsa. Ko a Najeriya ya yi sakin, in dai da baki ne kawai ba a bi ta kotu ba, kuma ɗayansu ya shekara yana zaune a Birtaniya kafin ranar, nan ma ba za su amince ba. To idan auren farko bai mutu ba a wurinsu, naki ya shiga matsala, domin ba sa ba mace ta biyu biza matuƙar ta farkon ta taɓa shiga ƙasar a matsayin matarsa. Ku nemo takardar kotun yanzu, ku kai wa lauya mai rajista a can ya duba ta kafin hukunci ya fito.

Sai maganar kuɗi. Tun 11 ga Afrilu 2024, dole miji ya nuna albashin fam 29,000 a shekara, ko ajiyar fam 88,500 da ta yi wata shida a asusu. Inda mutane ke faɗuwa shi ne takardu: shaidar albashi ta wata shida, bayanan banki da suka dace da ita lamba da lamba, da wasiƙar wurin aiki, kuma shaidar albashi da ta banki ta watan ƙarshe kada ta wuce kwana 28 kafin ranar nema. Ki duba kwafin abin da kuka miƙa, har da shaidar gwajin tarin fuka da ta jarrabawar Turanci matakin farko, wato A1.

Idan aka ƙi, kuna da kwana 28 daga ranar da kika karɓi hukuncin ku ɗaukaka ƙara. Amma in takarda ɗaya ce ta yi giɓi, sake nema ya fi sauri, kuma ana mayar da kuɗin kula da lafiya da kuka biya lokacin neman bizar. Idan kan sakin ne, sake nema ba zai gyara komai ba sai an warware shi a kotu. In an amince, za a ba ki wata 33, ki sabunta, bayan shekara biyar ki nemi zama na dindindin.