Hular kwanon kaka ta Yaƙin Bama

Malam, ka ce hular kwanon kakanka tana cikin rumbu a ƙauyenku wajen Gumel, kana son tabbatar da tasa ce. Fara fito da ita, danshin damina na cin ƙarfe. Don Allah kada ka kankare tsatsar ko ka shafa fenti, busasshen tsumma ya isa. Juya ta ka duba cikin bakin, kusa da maƙalar igiyar haɓa: hular sojan Ingila samfurin Mk II na ɗauke da shekarar ƙira. In an rubuta lambar soja mai farawa da NA, gwada ta da takardar sallamar kakanka daga soja. Lambobin yabon wannan yaƙin ba sa ɗauke da sunan mai su, ba za su zama shaida ba. Dattawan da suka san shi kuwa, naɗi muryarsu da waya tun yanzu.